Maimai a Gonar Wani

Ɗan gwaggo, bawana na Gummi, ina gaisuwa irin ta ubangida da yaron gidansa. Da fatan ka isa gida lafiya daga bikin Bukkuyum, kunnuwanka kuma sun huce. Nawa dai kwana biyu suka yi suna kuka kamar gyare ya tare a ciki. Na so in yi maka maganar nan tun a mota, lokacin da ka rage mini hanya zuwa inda zan sami ta Anka, sai na tuna kai ba ka iya haɗa tuƙi da tunani, ga hanya yadda ta koma, kowa na son ya ga ƙofar gidansa tun rana na sama. Sai na haɗiye. Yanzu na zauna, na sha furata, na gyara alƙalami, al'ada kuma ta ba ni izinin in shanya ka a bainar jama'a, babu mai ce mini don me.

Ga abin da ya faru, saboda waɗanda ba su je ba. Bayan azahar aka kafa rumfa a ƙofar gidan ango, aka tayar da janareta, aka jingina sifiku biyu masu tsawon yaro ɗan shekara goma. Wani saurayi ya zo da fiyano ya ɗora a kan tebur, hula a karkace, ya danna wani maɓalli, kiɗa ya kama kansa da kansa. Ya ɗauki makirfo, ya shaƙe murya ya mayar da ita hanci, sai ga wata tsohuwar waƙar sarauta ta Alhaji Musa Ɗanƙwairo tana fitowa, an cire sunan sarki an liƙa na ango. Ina zaune ina salati a zuci, sai na ga wani ya miƙe, ya saɓa babbar riga, ya nufi fili yana tafiyar agwagwa. Na duba da kyau, ashe jinina ne. Ka liƙa wa yaron nan 'yan ɗari bibbiyu har guda biyar, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin rowarka, ka dawo kana haki ka ce mini: "Wallahi wanga ya hi na tsohon daɗi. Ji kiɗi tas, ko ƙura babu ciki!"

Wato Ɗanƙwairo ne mai ƙura. Allah ya jiƙan kakanmu, da yana raye da ya kira gwaggo ya tambaye ta ko a kasuwar Gummi aka musanya mata goyo.

Bari in gaya maka abin da kunnenka ya tsallake, tunda ka saba da ƙarar injin ban-ruwa a fadama har ta toshe maka dodon kunne. Kotso magana yake yi. Makaɗi na rataye da shi, yatsun hannu ɗaya na kan fata, ɗayan hannun na matsa tsarkiya yana sakinta, muryar kotson na hawa tana sauka yadda harshen Bahaushe ke hawa da sauka. Tsohon bafade yakan ji abin da kotso ya faɗa tun mawaƙi bai buɗe baki ba. Fiyanon yaronka kuwa abu guda yake nanatawa tun daga farko har ƙarshe, kamar injin niƙan hatsi. Sannan ga 'yan amshi. Duk wanda ya saurari Ɗanƙwairo ya san rabin daɗin a wurinsu yake: ya jefa magana bai ƙarasa ba, su cafe ta tun ba ta faɗi ƙasa ba, su ƙarasa, su dawo da shi kan gindin waƙa, ya sake jefawa. Wannan karɓeɓeniya shekaru ake yi ana kwana wuri ɗaya, ana cin tuwo a akushi ɗaya, kafin ta zauna. Naka gwanin shi ne jagora, shi ne ɗan amshi, shi ne sanƙira, na'ura ce ke ninka masa murya. Mutum ya yi sallama ya amsa wa kansa, kai kuma ka ce gida ya cika da baƙi.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne ango. Yaron kirki ne, kowa ya shaida, shagon kayan masarufi gare shi, ko kaza ba ya iya yankawa sai ya kira maƙwabci. Ga shi an zaunar da shi a kujerar roba ana yi masa kirarin mazan da suka gaji sarauta da dawaki da yaƙi, yana murmushi yana share gumi da hankici, bai san inda zai sa kansa ba. An ɗinka riga don raƙumi an sa wa ɗan akuya. Da aka zo kan zambo kuma abin ya ƙara lalacewa. Ka san zambon fada da mai shi ake yin sa. Akwai wani ɗan sarki da ke hangen gadon, ba a kama sunansa, sai dai a siffanta tafiyarsa ko tumbinsa ko rowarsa, duk wanda ke zaune a fadar ya san inda kibiyar ta nufa, a sunkuyar da kai ana dariya a ciki. Yaronka ya kwaso zambon nan ɗungurungum ya watsa a taron biki, wanda aka yi dominsa ya daɗe a kabari. Kibiya kuwa in an sake ta sai ta sami wurin sauka. Ka ga dai yadda wani dattijo daga dangin amarya, mai tumbi da sanƙo, ya tattara rigarsa ya bar rumfar yana huci. Kai kana can kana rawa ba ka ma san an kusa raba zumunci ba.

To, na san abin da za ka ce, don na san ka tun kana yawo ba wando. Za ka ce ni ɗan gargajiya ne, na maƙale wa kaset, kuma zan fake da karin maganar nan ta waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Zan ba ka mamaki. Na daɗe ina juya karin maganar nan, kullum a kan "mai ita" nake tsayawa. Wane ne mai ita?

Ɗauki Ɗanƙwairon kansa. A gida ya tarar da kiɗa. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗi ne, gidansu da kiɗan noma aka san su kafin su zama na fadar Sarkin Ƙayan Maradun, kuma Musa ya daɗe yana amshi a bayan yayansa Kurna kafin ya ja nasa ayari har ya kai ga 'Yandoton Tsafe da Sardauna. Masu ba da tarihinsa ma sun ce sunan Ɗanƙwairo na wani mai zaƙin murya ne da ke tare da mahaifinsa, da aka ji muryar yaro Musa ta ɗauko tasa sai aka laƙaba masa. Ka ji fa. Sunan da muke rantsuwa da shi a kan asali, shi kansa aro ne. Sannan abin da ni da ire-irena muke kira ta asali, ranar da aka ci sa'a akwai rikoda a wurin ce kawai, ko ranar da aka kai su gidan rediyo a Kaduna. Makaɗin fada ba ya yin waƙa sau ɗaya ya rufe. Kowace Sallah sai ya sake ta a ƙofar fada, ya ƙara ɗa, ya zubar da wani, wanda ya yi kyautar doki bana ya shiga, wanda ya yi rowa ya fita ko ya koma layin zambo. Ina da kaset biyu na waƙa guda, ɗaya ya fi ɗaya tsawo da kusan rabi, mutanen da ke ciki ma ba duka suka zo ɗaya ba. Wanne ne uwa, wanne ne 'ya? Ko Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da ya bi waƙoƙin nan ya zuba su a Diwanin Waƙoƙin Baka, abin da rikoda ta kama shi ya samu ya rubuta. Sauran sun bi iskar ƙofar fada.

Kuma da ba a maimaitawa da gidajen kiɗa sun daɗe da rufewa. Sani Aliyu Ɗandawo na Yawuri a hannun mahaifinsa ya karɓi sana'a, ya bi sawunsa har ya fitar da tasa muryar da ba a haɗa ta da ta kowa. 'Ya'yan Ɗanƙwairo tun rasuwarsa a 1991 suke riƙe da kotson gidan. Sa'idu Faru ya ƙare rayuwarsa yana yi wa Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo fatan gadon gidansu, ya rasu a 1987 bai gani ba, sai a 1996 aka naɗa Macciɗo Sarkin Musulmi, shekarar da aka ba mu jihar Zamfara. Na tuna a Anka kaset ɗinsa muka yini muna juyawa, tsofaffi na share ƙwalla. Wanda zai tsaya da ƙafarsa ya rera waƙoƙin nan a gaban mai su a sabuwar rigarsa, dole magaji ne, kuma babu mai hankalin da zai kira shi ɓarawo. Haka matan amada. Waƙoƙin da Barmani Choge ta fito da su duniya ta ji, da yawansu sun daɗe suna yawo a tsakar gidaje a bakin mata, ana kifa ƙwarya a ruwa ana bugawa ranar suna, kowace ta ƙara nata gishiri.

Kai manomi ne, ko da yake gwaggo ta ce rabin gonarka ciyawa ce, saboda haka bari in yi maka da yaren da za ka gane. Yaran yanzu suna ce wa abin nan rimis. Ni maimai nake ce masa. Bayan noman firi dole a koma a yi maimai, in ba haka ba ciyawa ta cinye gero. Waƙar da ba a komawa kanta ita ma ciyawa ke cinye ta. Sai dai maimai da ƙa'idarsa. A gonarku ake yin sa, ko a gonar da mai ita ya san ka shiga. Kuma da fartanya ake shiga, a duƙa, a yi gumi, a bar gonar ta fi yadda aka same ta. Yaron Bukkuyum da lauje ya shigo. Bai ƙara ɗa ko guda nasa ba, bai san ma'anar rabin kalmomin da yake tauna ba, wata tsohuwar kalmar Zamfarci ma ya murɗe ta ta koma abin da ba a faɗi a gaban surukai. Mafi muni, tun da ya fara har ya sauka bai ce Allah ya jiƙan mai waƙar ba. Ya yanke gero, ya ɗaure dami, kai kuma ka biya shi ladan ɗauka.

Ban yi mamakinka ba, don kana da tsohon tarihi a wannan fanni. Ka tuna wajen shekarar 2000, lokacin da finafinan Hausa na kaset suka cika gari, akwai wata waƙar soyayya da ka haddace kana yi wa yarinyar nan da ta ƙi ka? Ran nan muka shiga gidan kallo aka sa wani tsohon fim ɗin Indiya, wanda aka yi tun ba a yaye ka ba, sai ga karin waƙarka tiryan-tiryan a bakin wata mai sari tana zagaya itace. Ka miƙe tsaye cikin duhu ka ce: "Kai jama'a, Indiyawa sun sace muna waƙa!" Har yau in na tuna sai na riƙe ciki. Alhali aron karin Indiya tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Abdu Yaron Goge ya sa gogensa ya yi Indiyanci tun da daɗewa, a Kano kuma har ƙungiyar masu bandiri aka yi da ake kira Ushaƙu Indiya, suna ɗaukar karin waƙoƙin finafinan su zuba begen Annabi a kai. Su ka ga ba su ɓoye ba, a sunansu ma suka rubuta inda suka ɗebo. Kuma sun yi aiki, don sun sauya wa karin alƙibla gaba ɗaya, wanda ya ji ya san an yi gumi.

Kada ka ɗauka mu kaɗai ke wannan rigima. Waka Waka ɗin nan da ka sa a wayarka a 2010, lokacin gasar ƙwallon duniya a Afirka ta Kudu, kana cewa Shakira ta iya Hausa tunda ga shi tana kiran waƙa har sau biyu, amshinta na wasu 'yan Kamaru ne da ake kira Golden Sounds, sun fitar da abinsu tun 1986 da sunan Zangalewa. Sai da aka yi surutu, aka zauna aka sasanta da su. Su sun ci sa'a suna raye. Wani Bazulu mai suna Solomon Linda ya yi wata waƙa, Mbube, a 1939 a Johannesburg, aka ba shi sule goma. Turawan Amurka suka ɗauka suka sake mata riga, ta zaga duniya, ta shiga fim ɗin zakin nan na Disney a 1994, aka tara dukiyar da ba ta ƙirguwa. Shi kuwa ya rasu a 1962 da talaucinsa, sai a 2006 aka sasanta da 'ya'yansa bayan an kai ƙara kotu. In ka saurari ta Turawan, wallahi kiɗi tas, ko ƙura babu. Irin taka ce, da kana wurin da ka liƙa musu.

Mu ma nan akwai doka, ko da yake na san kai da doka sai dai a shingen hanya. Dokar haƙƙin mallaka da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta ce waƙa na hannun magadan mai ita har shekara 70 bayan rasuwarsa. Yi lissafi, in ka iya. Na Ɗanƙwairo sai ƙarshen 2061, na Shata da ya rasu a 1999 sai 2069. Kafin nan ni da kai mun zama labari. Wato ko a takarda gonar nan da masu ita, suna nan Maradun da ransu, suna kuma jin abin da ake yi da gadonsu a wayoyin mutane.

Amma duk wannan bai sa na ɗauki alƙalami ba. Abin da ya sa ni shi ne wanda ya same ni a gidana bayan na dawo. Na ce bari in wanke kunnena, na jawo tsohuwar rikodata, na hura mata ƙura, na sa kaset ɗin waƙar nan da aka yi wa kisan gilla a Bukkuyum. Kotso ya tashi, tsohon ya jefa, 'yan amshi suka cafe. Sai 'yar autata, wadda kake cewa matarka ce in ta girma, ta leƙo daga ɗaki da wayar uwarta a hannu, ta saurara kaɗan, ta ce: "Baba, wanga tsoho waƙar TikTok yaka kwaikwayo, amma bai iya ta ba." Na rasa abin da zan ce mata. Na karɓi wayar na duba. Ga waƙar nan, an yanko daƙiƙa talatin an ɗora mata kiɗan fiyano, 'yan mata na juyi a kai, a ƙasa an rubuta sunan wani yaro. Washegari na je wurin mai cajin waya da ke tura wa mutane waƙoƙi a memori, na ce ya nuna mini inda ya ajiye na Ɗanƙwairo. Ya buɗe kwamfuta, ga su nan an cakuɗa da na masu kwaikwayonsa, har da wata ta Narambaɗa a ciki, duk an yi musu suna ɗaya. Na ce masa wannan ai mutumin Isa ne, wancan na Maradun. Ya ce: "Baba, duk ba tsohhin waƙoƙi ba ne?" Yaron nan ɗan Zamfara ne, ɗan gwaggo, a ƙasar da ta haifi rabin makaɗan fadar Hausa aka yanke masa cibiya. Kuɗinka ɗari bibbiyu guda biyar nan suka tafi.

Yanzu sauran gaskiya guda mai ɗaci, wadda zan faɗa sau ɗaya, in ka maimaita ta a wani wuri in ce ƙarya kake yi. Kakanmu ɗaya da kai. Ni ɗan namiji ne, sunan gidan a kaina yake, a Anka nake zaune inda aka binne shi, wato ni ne kaset na asali. Kai kuwa kwafi ne da aka kai Gummi aka buga, aka haɗa da kiɗan wasu mutane masu warin kifi. Amma duk ranar da muka taru, tsofaffin matan gidanmu kai suke zuba wa ido. Sun ce in ka yi gyaran murya a zaure sai gabansu ya faɗi, su ɗauka kakanmu Malam ne ya dawo. Tafiyarsa ce da kai, dariyarsa ce da kai, har yadda yake karya hoce ya tsoma a miya. Ni da na gaji suna da gida, hancinsa kaɗai na samu, shi ma a karkace. Abin ya daɗe yana ci mini rai. Sai dai na lura da abu ɗaya da ya sa nake ƙyale ka: duk wanda ya tambaye ka ɗan wane ne kai, ba ka gama faɗin na Gummi ba sai ka ƙara da cewa uwarka ɗiyar Malam ce ta Anka. Ko ba a tambaye ka ba ma kana faɗi. Da yaronka mai fiyano ya yi ko rabin haka a rumfar nan, da ni ma na miƙe na liƙa masa hamsin.

Watan cika-ciki ya kusa, na san kana nan tafe karɓar kuɗin shara kamar yadda bayi suka saba. Bana da sharaɗi. Za ka zauna a zaurena, in sa maka kaset, ka saurara tun daga bugun kotso na farko har inda zaren ya ƙare, waya a kashe, baki a rufe. Sannan ka zo mini da kaset ɗina na Ɗan Anace da ka ara tun kafin ka yi auren fari, wanda ka ce za ka kwafa ka dawo da shi jibi. Nawa nake so, mai tsagaggen murfi da aka ɗaure da zaren lilo. In ka kawo mini kwafi, tsintsiya na nan jingine a bayan ƙofa, sai ka share tsakar gidan tukuna mu yi maganar kuɗi.